Memori a Cikin Kitso

Mun tashi daga Birnin Kabi ana fitowa daga sallar asuba, ni da taubashina, ɗan kawuna, wanda fataucin masara ya sa ya san hanyar bakin iyaka kamar tsakar gidansu. Ku da kuke bibiyata kun saba ganin hotunan amare da ƙawayensu, don sana'ata ke nan, ɗaukar hoto da bidiyo a bukukuwan mata. To wannan karon ba biki na je ba. Saƙo na kai, kuma na rantse ba zan dawo ba sai da amsarsa.

Bari in faɗa muku tushen abin. Innata tana kwance tun bayan ƙaramar salla, ido ya kusa tafiya, ƙafafu sun daina ɗaukarta. 'Yar'uwa ɗaya ta rage mata a duniya, yayarta da muke kira Inna Babba, wadda aure ya kai wata tunga, ɗan ƙaramin ƙauye a cikin ƙasar Benin, can bayan Bagudo. Sun fi shekara ashirin ba su yi magana ba. A hannun Inna Babba kakarmu ta yi jinya har ta cika. An aiko wa Innata sau biyu ba ta je ba, tana fama da tsohon ciki. Da ta samu zuwa ta'aziyya kuma, yayar ta faɗa mata magana mai zafi a gaban mutane, ta juyo washegari, shi ke nan zumunci ya yanke. Yanzu Inna so take a yafe mata tun tana da rai. Ta sa na ɗauke ta a bidiyo tana roƙon gafara, ta ce in kai. Tungar ba sabis, Inna Babba ba ta da waya, tsufa kuma ya hana ta tafiya mai nisa, don haka dole wani ya taka ya je.

Yayanmu, wanda ke aikin ofis kuma yake ganin duk shawarar gidanmu sai ta bi ta kansa, ya ce in bari sai rani. Wai damina ta yi tsakiya, hanya ba ta biyuwa, kuma mace ba ta da abin yi a dajin bakin iyaka. Na tambaye shi ko Inna ta yi masa alkawarin za ta kai rani. Ya yi fushi, na bar shi da fushinsa. Maigidana ya riga ya ba ni izini, ban ga wanda zan sake roƙo ba. Da Yaya ya ga da gaske nake, sai ya aiko mini da diskinsa, irin babban nan mai faɗin tafin hannu, ya ce tunda na ƙi ji, aƙalla in zuba komai a ciki, shi ba ya cika.

Nan gardamar ta koma kan ajiya. Shekarun da na yi a sana'ar nan sun sa na san halin irin wannan diski. Akwai faifai a cikinsa da ke juyawa, in ka kara kunne za ka ji yana huci. Abin kan tebur ne, ba ya son jijjiga ko kaɗan. Akwai wani samfurin da ba abin da ke motsi a cikinsa, shi ya dace da mai tafiya, amma ya fi ƙarfin aljihuna. Sai na zaɓi abu biyu: filash mai jikin ƙarfe da ake sokawa a gindin waya, da memori, ɗan mitsitsin nan da bai kai farce ba. Yaya ya yi dariya, ya ce zan ɗora amanar Inna a kan abin da kaza za ta iya haɗiyewa. Na karɓi diskin don a zauna lafiya, na zuba masa bidiyoyin bukukuwan danginmu da hotunan jikoki, in nuna wa Inna Babba mutanen da ba ta taɓa gani ba. Saƙon Inna kuwa a memori na sa shi, na kuma sake sa shi a filash.

Motar da muka shiga irin ƙananan nan ce da ake cusa huɗu a baya, biyu a gaba. Kuɗin mota ya tashi fiye da yadda taubashina ya bar shi, ya tsaya yana ciniki da direba har aka kusa barinmu a tasha, a ƙarshe ya biya abin da aka ce tun farko. Daga Birnin Kabi zuwa Jega hanya ba laifi. Fadamu sun yi kore shar da shinkafa, gero ya fara fitar da kai, duk inda ka duba mutum ne a duƙe. A Koko muka tsaya muka ci masa da kunu, masar tana da zafi amma man ya sha suya har ya gaji. Bayan mun karkata zuwa Bagudo sai ramuka suka fara, direba yana kauce wa wannan yana faɗawa wancan. Wani dattijo mutumin Geza da ke kusa da taubashina ya rungume buhun taki a cinya, ya ƙi yarda a sa shi a bayan mota, wai ruwa zai taɓa shi. Na dube shi, na dubi jakata da na ƙanƙame, na ce a raina kowa da abin da yake reno.

Mun isa Bagudo bayan azahar. Gari ne na babura, ko'ina ka juya ƙararsu ce, suna ɗauke da buhuna da jarkoki da mutane uku uku. Mun sauka gidan abokin fataucin taubashina, matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka da ta sha busasshen kifi. Da la'asar na shiga kasuwa, don ina son memori na biyu, sabo, wanda amsar Inna Babba kaɗai za ta shiga.

Na samu wani mai tebur ya baje su a cikin kwalaye masu ƙyalli. Ya miƙo mini ɗaya da aka rubuta masa girman da zai ɗauke bikin shekara guda, kuɗinsa kuma bai kai rabin na gaske ba. Na ce sai na gwada. Na sa shi a wayata, na tura masa bidiyo mai tsawo, na cire, na mayar, na buɗe. Farkon bidiyon ya fito, tsakiya ya yi baƙi ƙirin.

Ya ce, “Hajiya, wayarki ta ba ta da lahiya.”

Na ce, “To kawo wani, mu ga ko shi ma wayar za ta sa mai ciwo.”

Na biyu ma haka ya yi. Mutane suka fara tsayawa kallo, mai tebur yana ta share zufa yana cewa shi tunda yake ba a taɓa yi masa haka ba. Daga ƙarshe ya zura hannu ƙarƙashin tebur ya fito da wani wanda rubutun jikinsa bai cika baki ba, kuɗinsa kuma ya fi. Na gwada shi sau biyu, ya buɗe tun daga farko har ƙarshe, na saya. Kada ku ji kunyar gwaji a gaban mai kaya. Na jabu ba ya nuna halinsa sai ranar da ka zuba masa abin da ba za ka sake samu ba.

Washegari da safe muka haye kogin Kwara ta gada. Ruwa ya cika ya yi ja, masunta suna ta kai da komo a jiragensu, mata na bin motoci da farantan soyayyen kifi. Na sayi biyu don tsarabar Inna Babba, taubashina ya cinye ɗaya kafin mu yi nisa, ya ce ɗanɗano yake mata. Inda mota ta tsaya muka ɗauki kabu-kabu biyu, wato baburan haya. A bakin iyaka aka duba katinmu, aka tambayi inda za mu, muka wuce. In ba don an faɗa maka ba, ba za ka san ka bar ƙasa ba. Gonakin iri ɗaya ne, shanun Fulani iri ɗaya, Hausar ma ana jin ta, sai dai ana cakuɗa ta da Dandanci, mai shayi kuma yana maka lissafi da sefa, kuɗin can. Burodinsu dogo ne mai tauri, ana jera shi a tsaye cikin kwando.

Daga nan muka bar titi muka shiga hanyar gona, kuma nan ne na gane abin da Yaya yake nufi da hanya ba ta biyuwa, ko da yake ba zan faɗa masa ba. Laka, duwatsu, saiwoyin itace, kwazazzabai da ruwa ya yanka. Haƙorana suna ta karo da juna, ƙuguna kamar an daka shi a turmi. Jakata tana ɗaure a bayan babur, diskin Yaya na ciki, na naɗe shi da zane biyu. Mun ƙetare wani rafi da ruwansa ya tsaya a gwiwa, masu baburan suka tura muka bi su da ƙafa. Ɗaya daga cikinsu ya ce mu yi addu'a kada a yi ruwa mai yawa kafin mu dawo, don rafin nan ba shi da alkawari.

Rana ta karkata muka shiga tungar. Gidaje ne da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, da rumbuna, da wata babbar tsamiya. Muka tarar da wata doguwar tsohuwa a ƙarƙashin rumfa tana tsinkar zogale. Ban gama sallama ba ta ɗaga kai ta ƙura mini ido.

Ta ce, “Ɗiyar Kulu ta wagga. Goshin na nan.”

Kulu sunan Innata ne, kuma na daɗe ban ji wanda ya kira shi haka kai tsaye ba. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa, aka dama fura da nono mai kauri, aka yanka zakara. Inna Babba ta tambayi hanya, ta tambayi maigidana da yarana da ba ta sani ba. Ƙanwarta kaɗai ce ba ta tambaya ba.

Matan gidan suka taru da suka ji na zo da hotunan dangi. Na fito da diskin Yaya da alfahari, na kwance zannuwan, na haɗa shi da waya. Ya yi ƙas, ƙas, ƙas, ya yi shiru. Na cire na mayar, na canja igiya, na hura bakinsa kamar hakan zai yi wani abu. Ko hoto ɗaya bai fito ba. Kunya ta kama ni, haushi kuma ya fi kunyar, don na san haka za a yi na kuma biye wa mutum. Taubashina ya leƙo ya ce diskin ofis ne, ya ga ba fanka ba kujera, ya ajiye aiki. Matan suka yi dariya suka watse.

Saƙon Inna kuwa yana nan lafiya a memori. Na jira aka rage ni da Inna Babba, na kunna na miƙa mata. Muryar Inna ta fito a raunane tana cewa, “Yaya, ni ta, Kulu.” Inna Babba ba ta karɓi wayar ba, ba ta kuma dube ta ba. Ta juya fuska wajen danga ta saurara har ƙarshe, sannan ta tashi ta ce awakinta ba su sha ruwa ba.

Kwana biyu muka yi a haka. Ana ba ni abinci har ya yi yawa, ranar farko tuwon masara da miyar kuɓewa, kashegari dafaffen cuku irin na Fulanin can, mai jan baya, wanda ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Ta nuna mini gonarta, ta nuna mini inda aka rufe kakarmu, na yi addu'a. Amma da na ɗauko zancen sai ta aike ni ɗebo wani abu. A rana ta biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tun hantsi har la'asar. Taubashina ya kira ni gefe, wasa ya bar fuskarsa, ya ce mu kama hanya gobe da sassafe ko da amsa ko babu, in rafin nan ya ƙara cika za mu yi mako a nan. Na ce ya tafi in yana sauri, masararsa ce ke jiransa, ni uwata ce ke jirana.

Da safe na samu Inna Babba tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Na durƙusa na gaishe ta, ban tashi ba. Ban taɓa yi wa babba magana irin wadda na shirya ba.

Na ce, “Inna Babba, ni ba ni tahiya. In ba ki yahe ba, hwaɗi hakanan, in ɗauka in kai mata, ta san matsayinta tun tana da rai. Amma ba ni komawa hannu rabbana in ce mata kin yi shiru.”

Ta ci gaba da tankaɗe kamar ba da ita nake ba. Can ta ajiye rariya, ta karkaɗe hannu, ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, “Bakin na uwarki na. Taurin kan kuwa nawa na. Ɗauko abin naki ki aje, ki hita. Magana ta tsakanina da ƙanwata, ba ta kunnenki ba ta.”

Na sa sabon memorin, na jingine wayar a jikin ƙwarya a cikin ɗakinta, na kunna, na fita na ja labule. Na zauna a gindin tsamiya ina kallon ƙofar kusan rabin awa. Da ta kira ni idonta ya yi ja, amma fuskarta ba ta gaya mini komai ba. Ban san ko yafewa ta yi ba, ko tsohon ciwo ta sake tonowa. Na duba na ga bidiyon ya shiga, ban kunna ba. Na kwafe shi a cikin wayar kanta, na kwafe a filash, ya zama wuri uku. Sannan na zare memorin zan ɗaure a bakin zane.

Ta tambaye ni ina maganar tata take. Na ɗora mata shi a tafin hannu. Ta kawo shi kusa da ido, ta juya shi, ta yi tsaki. Na yi mata bayani cewa wannan ba ya tsoron jijjiga, ba ya cika tsoron ruwa, aibinsa ɗaya ne, ƙanƙanta, yanzu ka gan shi yanzu ya ɓace. Ta ce in haka ne ba a bakin zane za shi ba, zane kwancewa yake. Ta sa na naɗe shi a leda na ƙulle. Ta ɗauko ɗan guntun fata mai laushi da zare da kakin zuma, ta ɗinke shi tsaf ta shafe bakin, ya fito kamar 'yar layar da ake sa wa mata a gashi. Ta ce in cire kallabi in zauna. Ta tsefe tsakiyar kaina, ta kitsa shi a ciki, ta bi da sauran kan gaba ɗaya, kitso ƙanana masu tsauri har idona ya kawo ruwa.

Ta ce, “Dauri haka muka aje abin da ba mu son shi ɓace. Sai kanki ya hita kahin maganata ta hita. Kada ki kwance sai gaban Kulu.”

Muka yi sallama, ta ba ni daddawa da kuka da man shanu a kwalba, ba ta rako ni ba.

Tun kafin mu ga rafin muka ji ƙuginsa. Wurin da muka taka da ƙafa kwana uku da suka wuce ya zama kogi, ruwa ja yana gudu da rassan itace. Mutane sun taru a gaɓa biyu. Wasu ƙarti suna rataya babur a jikin gungume su ɗauka a kafaɗa su haye, masu ƙafa kuma suna riƙe hannun juna a jere, wani dogo yana gaba yana laluben hanya da sanda. Masu kabu-kabunmu suka ce mu koma sai ya janye. Wani ya ce jibi, wani ya ce in an sake ruwa sai mako mai zuwa. Na tuna yadda na baro numfashin Inna, na ce yau zan haye. Wani dattijo ya ce da taubashina ya hana ni, taubashina ya ce da ana iya hana ta da ba ku gan ta nan ba.

Na ɗaure hijabina a ƙugu, na ɗora jaka a ka na dafe da hannu ɗaya, ɗayan na ba wata Bafulatana da ke gabana, taubashina yana bayana. Ruwa ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, sanyinsa har cikin ƙashi. Muna tsakiya ƙafata ta faɗa rami. Hannuna ya kuɓuce, ruwa ya rufe ni. Abin da na sani shi ne na saki jaka na dafe tsakiyar kaina da hannu biyu. Taubashina ya cafko ni ta baya, wani ya riƙo shi, aka ja mu har gaɓa ina tari ina aman ruwa. Ina jin wata mata tana cewa ku dubi wagga, ta saki jikka ta riƙe kai, ko dutse ta buga. Tsoro na ji ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

An tsinto jakar can ƙasa, ta maƙale a rassan wani itace, bakinta a buɗe. Waya tana ciki ta sha ruwa ta mutu. Filash mai jikin ƙarfe da na yi ta yabo ya bi ruwa, ƙarfensa bai hana shi tafiya ba. Daddawa ta jiƙe, kuka ta zama miya tun ba a kaɗa ba. Abu ɗaya da ya fito cif a naɗe cikin zanensa shi ne mataccen diskin Yaya. Na yi dariya har da hawaye, mutane suka ɗauka ruwan ne ya taɓa mini kai.

Wuri uku ya koma ɗaya, ɗayan ma ya nutse tare da ni. Na shafa kitson na ji ɗan tudun yana nan, amma ko ruwa ya shiga, ko ya karye lokacin da na danne shi, Allah kaɗai ya sani. Taubashina ya ce mu kwance mu gwada a ƙaramar wayarsa, in ya lalace gara mu sani tun muna kusa, mu jira ruwa ya janye mu koma. Maganarsa da hankali a ciki, amma na ƙi. An ce mini sai gaban Kulu. A Bagudo mai gyaran waya ya buɗe tawa ya girgiza kai, shi ma ya ce in kawo memorin ya duba mini. Na ce masa yana inda ba ya cirowa. Daga can har Birnin Kabi ban ci abin kirki ba, ko masar Koko ban kalla ba, hannuna yana kan kallabi kamar mai ciwon kai.

Kafin in faɗa muku yadda aka ƙare, ga abin da tafiyar nan ta koya mini, don na san akwai masu ɗaukar hoto da masu aikin ƙauyuka a cikinku. Abin da ke juyawa a ciki ku bar shi a kan tebur. Ku gwada memori kafin ku biya. Ku kwafe abu wuri fiye da ɗaya, amma ku lura da kuskuren da na yi: na sa waya da filash a jaka guda, ashe wuri biyun nan wuri ɗaya ne. Ɗaya dole ya kasance a jikinka, inda ba ka ajiyewa, ba ka miƙa wa kowa. Wannan ba a shagon waya na koye shi ba, a hannun tsohuwar da ba ta taɓa riƙe waya ba na koya. Masu cewa a bari sai rani kuma, ku gaishe su, ku kama hanya.

Mun shigo gida washegari da la'asar. Yaya yana tsakar gida, ya ga jakata da busasshiyar laka, ya buɗe baki zai yi magana, na miƙa masa diskinsa na ce ya ara mini wayarsa. Na shiga ɗakin Inna. Ta ƙara ramewa a kwanakin nan. Ta ji muryata ta yunƙura, ta ce na same ta? Na ce na same ta. Ta ce ta yi magana? Na ce ta yi, amma ban san me ta ce ba. Na cire kallabi na durƙusa a bakin gado, na ɗauki hannunta na ɗora a kaina don ta ji inda abin yake. Yatsunta suka bi layin kitson a hankali, suka koma, suka sake bi.

Ta ce, “Wanga kitson Yaya na. Ita ɗai ka ja hakanga.”

Ta ƙi a taimaka mata. Da kanta ta tsefe wurin har ta ciro 'yar fatar. Na yanke zaren da reza. Kakin bai bar ruwa ya wuce ba, ledar a bushe take. Na sa memorin a wayar Yaya, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Sunan bidiyon ya fito. Na danna, na sa wayar a hannun Inna zan fita, ta riƙe mini zane ta ce in zauna.

Muryar Inna Babba ta cika ɗakin. Ta ce, “Kulu, ina kwana?” Sai ta yi shiru. Na ɗauka bidiyon ne ya tsaya. Ashe jira take.

Inna ta ce, “Lahiya lau, Yaya.”

“Ina gajiya?” Shiru. Inna ta amsa. “Yaya jikin naki?” Shiru. Inna ta ce da sauƙi. Haka ta bi gaisuwar ɗaya bayan ɗaya, gida, yara, damina, kowace ta bar wa ƙanwarta wurin amsawa daidai gwargwado, kamar suna zaune a tabarma ɗaya. Sauran abin da ta faɗa nasu ne, ba zan baza shi a nan ba. Amma ƙarshen zan faɗa, don Inna ta ce in faɗa.

Inna Babba ta ce, “Na yahe maki tun ranar da kinka juya, girman kai na yah hana ni aikowa. Ni ma abin da nih hwaɗa maki gaban mutane, ki yahe mani.”

Muryar ta yi shiru mai tsawo. Inna ta kawo wayar daf da bakinta, hawaye na bin kuncinta, ta ce, “Na yahe, Yaya. Wallahi na yahe.”

Shirun ya ɗan ƙara tafiya, sannan muryar ta dawo a hankali: “To madalla. Allah shi yahe muna baki ɗai.”

Inna ta juyo inda take jin numfashina, ta matse hannuna.

Ta ce, “Kin ji ko? Ta ji.”